Ya Cuci Mahaifina, Yanzu Ya Ce Ya Tuba: Ina Hukuncin da Allah Ya Yi Alkawari?

Wata 'yar'uwa ta rubuto mini doguwar wasiƙa, ga taƙaitaccen abin da ta ce:

"Malam, mahaifina ya yi shekaru yana kasuwanci tare da wani amininsa. Da rashin lafiya ta kwantar da shi, sai mutumin ya sauya takardu, ya mallake dukiyar gaba ɗaya, ya kuma mai da mahaifina maƙaryaci a idon jama'a. Da wannan baƙin ciki ya rasu, mu kuwa muka tashi cikin wahala. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan shi ne ayoyin da suka ce Allah zai hukunta mugaye. Kwanan baya mutumin ya tsaya a gaban ikilisiya ya ce ya tuba daga tsohuwar rayuwarsa, aka yi ta murna ana rungumarsa. Bai ambaci sunan mahaifina ba, bai zo wurinmu ba, bai mayar da komai ba. Yanzu yana zama a gabana a coci, ina kallon ƙeyarsa har a tashi, ba na jin ko kalma ɗaya ta wa'azi. Da na yi magana sai aka ce mini Allah mai jinƙai ne, in yafe in manta. To wanne zan riƙe, Allahn da ya ce zai hukunta mugu, ko wanda yake yafe masa a rana ɗaya? Addu'ar Ubangiji ma na kasa faɗinta har ƙarshe."

'Yar'uwata, ina yi miki ta'aziyyar mahaifinki ko da yake an daɗe, domin wasiƙarki ta nuna cewa makokin bai ƙare ba tukuna. Tambayar da kika yi kuma tsohuwa ce a cikin Littafi Mai Tsarki, saboda haka kada wani ya sa ki ɗauke ta a matsayin raunin bangaskiya. Da ita annabi Habakuk ya buɗe littafinsa, yana tambayar Ubangiji har yaushe zai yi ta kuka a kan zalunci ba a ji shi ba. Asaf ya furta a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafafunsa su zame saboda ganin mugaye suna zaune lafiya, dukiyarsu tana ƙaruwa. A Wahayin Yahaya 6:10 ma, rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah suna ɗaga murya suna tambaya har yaushe za a jinkirta yi musu sakayya, kuma ba a tsawata musu ba. An ba su fararen riguna, aka ce su ƙara haƙuri na ɗan lokaci.

Akwai wata amsa mai sauƙi da mutane suke yawan bayarwa, wato hukunci na Tsohon Alkawari ne, jinƙai kuwa na Sabon Alkawari. Wannan amsa ba ta tsaya ba, kuma ikilisiya ta daɗe da ƙin ta. A ƙarni na 2 wani mutum mai suna Markiyon ya koyar da cewa Allahn shari'a da ya halicci duniya daban yake da Uba mai jinƙai wanda Yesu ya bayyana, har ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya rage wa sassa tare da wasiƙu 10 na Bulus. Ikilisiyar Roma ta fitar da shi a wajen shekara ta 144. Duk wanda ya karanta littafin da kansa zai ga dalili. A Tsohon Alkawari ne, cikin Ezekiyel 33:11, Allah ya rantse cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi son ya juyo daga hanyarsa ya rayu. A Sabon Alkawari kuma, daga bakin Yesu ne aka ji maganar raba tumaki da awaki a Matiyu 25, da maganar cewa gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a nutsar da shi a teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙanana masu ba da gaskiya ya yi tuntuɓe.

Inda abubuwan biyu suka fi haɗuwa kusa da juna shi ne Fitowa 34:6-7, lokacin da Ubangiji ya bayyana wa Musa halinsa a kan dutse, bayan jama'a sun yi sujada ga ɗan maraƙin zinariya. Ya ce shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci, mai gafarta mugunta da laifi da zunubi, sannan a cikin wannan jimla ɗin ya ƙara da cewa ba zai bar mai laifi ya tafi ba hukunci ba. Marubutan da suka zo daga baya sun yi ta komawa ga wannan aya, kuma biyu daga cikinsu sun yi amfani da ita a kan birni ɗaya. Ina so ki tsaya a kansu, domin a ganina halin da kike ciki yana tsakaninsu.

Na farko shi ne Yunusa. An aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, mutanen da sarakunansu suka bar rubuce-rubuce suna alfahari da azabar da suka gana wa waɗanda suka ci da yaƙi, kuma su ne suka rushe mulkin Isra'ila ta arewa a wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Mutane da yawa suna ɗauka tsoro ne ya sa Yunusa ya gudu, amma shi da kansa ya faɗi dalilinsa a sura ta 4. Ya ce wa Allah tun yana ƙasarsa ya san haka za ta faru, domin ya san shi mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Wato ya ɗauko kalmomin Fitowa 34 ya mai da su ƙorafi. Da birnin ya tuba aka fasa hallaka shi, sai Yunusa ya fita gabas da birnin, ya kafa rumfa, ya zauna yana jiran ya ga abin da zai same shi. Allah ya tsirar da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya yi murna ƙwarai. Da asuba tsutsa ta cinye tsiron ya bushe, rana ta fito tare da iska mai zafi daga gabas, ta bugi kansa har ya roƙi mutuwa. Allah bai zage shi ba, bai kuma kore shi ba. Ya tambaye shi ko daidai ne ya yi fushi, Yunusa ya amsa cewa daidai ne, har ga mutuwa. Littafin ya ƙare da tambayar Allah a kan mutum fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, kuma ba a gaya mana abin da Yunusa ya amsa ba. Na daɗe ina ganin hikima a wannan shirun, domin marubucin bai tilasta wa mai fushi ya yi murmushi kafin a rufe littafin ba.

Na biyu shi ne Nahum, wanda ya yi magana a kan Nineba bayan tsararraki sun wuce, sa'ad da birnin ya koma zubar da jini. Shi ma ya ɗauko Fitowa 34, amma ƙarshen ayar ya jaddada: Ubangiji mai jinkirin fushi ne, mai iko ƙwarai, ba kuwa zai kuɓutar da mai laifi ba. A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa da Mediyawa suka ci Nineba, ba ta sake tashi a matsayin babban birnin daula ba. Allah bai sauya hali tsakanin littattafan biyu ba. Abin da ya bambanta shi ne abin da mutanen birnin suka yi. A zamanin Yunusa sarkinsu ya umarci kowa ya bar mugun halinsa da zaluncin da ke hannunsa, kuma nassin ya ce Allah ya ga abin da suka yi, yadda suka juyo. Ki lura da wannan, ayyukansu aka ce ya gani.

A nan dole in faɗa miki abin da ba zai yi miki daɗi ba. Idan mutumin nan ya tuba da gaske, Allah zai gafarta masa, kuma ba zai nemi izininki ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, ya ma zaɓi misalai masu ɗaci don ya nuna shi. Manassa ya yi shekara 55 yana sarautar Yahuza, ya ƙona ɗansa hadaya, kuma 2 Sarakuna 21:16 ya ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi daga wannan gefe zuwa wancan. Duk da haka 2 Tarihi 33 ya ba da labarin yadda aka kama shi aka kai shi Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji roƙonsa ya komo da shi. Na tabbata akwai iyalai a Urushalima da wannan labari bai faranta musu rai ba. Amma 2 Sarakuna 24:3-4 ya ce jinin da Manassa ya zubar yana cikin dalilan da suka jawo wa Yahuza halaka daga baya. Masu tattara Nassi sun bar labaran biyu kusa da juna, ba su share ɗaya domin ɗayan ya zauna daidai ba. An karɓi tuban mutumin, amma ba a taɓa cewa jinin ba kome ba ne.

Haka abin ya kasance da Dawuda. Bayan ya ɗauki matar Uriya ya kuma shirya mutuwarsa a fagen yaƙi, annabi Natan ya zo masa da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, wadda take ci daga abincinsa, take sha daga ƙoƙonsa, take kwana a ƙirjinsa. Dawuda ya husata ya yanke hukunci cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma zai biya ninki 4. Natan ya ce masa shi ne mutumin. Da Dawuda ya amsa laifinsa aka ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba, amma a wannan zama ɗin aka gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, kuma surorin da suka biyo baya cike suke da labarin masifun 'ya'yansa Amnon da Absalom. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma rayuwar Dawuda ta nuna cewa gafarar Allah ba lallai ta kore shi daga ƙofar gida a wannan duniya ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya faru a ikilisiyarku, domin a nan nake ganin an yi miki rashin adalci. Ba ni da ikon duba zuciyar mutumin, ke ma ba ki da shi, amma Nassi ya bayyana yadda tuba daga irin wannan laifi take kasancewa. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi magana kai tsaye a kan wanda ya ci amanar maƙwabcinsa a kan ajiya, ko ya ƙwace masa abu, ko ya rantse da ƙarya. An umarce shi ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya miƙa wa mai shi, sannan ya kawo hadayarsa wurin firist. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ƙara da cewa sai ya furta laifin, kuma ya nuna cewa idan wanda aka cuta ba ya nan, danginsa ne za a biya. Mutuwar mahaifinki ke nan ba ta soke bashin ba. Kada wani ya ce miki wannan tsohuwar doka ce da ta wuce, domin Yesu ya ƙarfafa ta. A Matiyu 5:23-24 ya ce idan mutum ya kawo baikonsa bagade, a can ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon, ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwan. A Yariko kuma, da Zakka shugaban masu karɓar haraji ya tsaya ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, zai kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4, a lokacin ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan. Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya yi magana a dunƙule a kan "tsohuwar rayuwa", alhali dukiyar marayu tana hannunsa, sunan mamaci kuma yana nan a ɓace, mai yiwuwa ya fara tafiya, amma bai isa ba. Waɗanda suka ce ki yafe ki manta sun ɗora miki dukan nauyin, sun bar shi ba su tambaye shi kome ba, kuma wannan ba alheri ba ne ko a gare shi, domin Romawa 2:4-5 ya yi gargaɗi cewa wanda ya raina haƙurin Allah, bai bari ya kai shi ga tuba ba, fushi yake tara wa kansa.

Bangaskiyar Kirista tana cewa a kan gicciye ne hukunci da jinƙai suka haɗu. Bulus ya bayyana a Romawa 3:25-26 cewa Allah ya yi haka ne domin ya kasance mai adalci, ya kuma kuɓutar da mai ba da gaskiya ga Yesu. Masana tauhidi sun yi ƙarnoni suna muhawara a kan yadda za a fassara wannan, amma abin da ya shafe ki a fili yake: da zunubi irin wanda aka yi wa mahaifinki ƙaramin abu ne a wurin Allah, da ba a bukaci irin wannan tsada ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ma, kafin ya roƙi a tuna da shi, sai da ya ce su hukuncinsu daidai ne, sakamakon ayyukansu suke karɓa. An yi masa alkawarin Firdausi, amma ba a sauko da shi daga gicciyen ba.

To me ake nema daga gare ki? Romawa 12:19 ya ce kada ki yi ramuwa da kanki, ki bar wa fushin Allah wuri, domin ramuwa tasa ce. Ayar ba ta ce babu sakayya ba, ta faɗi wanda sakayyar take hannunsa ne. Bulus da kansa ya nuna yadda ake yin wannan a 2 Timoti 4:14-16. Ya ambaci Iskandari maƙeri da sunansa, ya ce ya yi masa mugunta ƙwarai, Ubangiji zai sāka masa gwargwadon aikinsa, ya kuma gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. A aya ta gaba kaɗan, game da waɗanda suka yashe shi ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a, ya roƙa kada a lasafta musu. Bai manta ba, bai ce abin bai faru ba, bai kuma ɗauki hukuncin a hannunsa ba. Amincewa ma ba a tilasta ta. Da Shawulu, wato Bulus, ya tuba ya zo Urushalima, almajirai sun ji tsoronsa, ba su gaskata shi ba, sai da Barnaba ya tsaya masa, kuma Ayyukan Manzanni 9 bai zarge su da taurin zuciya ba.

Abin da nake jin tsoro a kanki shi ne wanda ya sami Yunusa a ƙarƙashin rumfarsa. Shekarun da kika yi kina riƙe da ayoyin hukunci sun taimake ki ki rayu, ban raina wannan ba. Amma akwai bambanci tsakanin fatan gaskiya ta fito da fatan mutum ya hallaka, kuma idan zuciya ta daɗe a kan na biyun, sai ta kai inda tubansa na gaske ma zai zama mata labarin baƙin ciki. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: da zai zo gobe ya durƙusa a gaban mahaifiyarki, ya wanke sunan mahaifinki a gaban jama'a, ya mayar da abin da ya ɗauka, za ki ji sauƙi ne ko za ki ji an ƙwace miki wani abu? Ko wace amsa kika samu, ki faɗa wa Allah ita yadda take. Zabura 94 da Zabura 10 an rubuta su ne domin masu irin ciwonki, kuma kai fushi gaban Allah cikin addu'a ya fi binne shi a ƙarƙashin murmushin ranar Lahadi. Game da addu'ar Ubangiji kuwa, kada ki daina yin ta. Idan kin iso wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ki faɗe shi a matsayin roƙo, kamar mahaifin yaron nan a Markus 9:24 da ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Luka 17:3 ya ce idan ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Sakin ramuwa aikinki ne tun daga yau, amma cikakken sulhu yana bukatar shi ma ya taka nasa.

Shawarata a aikace ita ce ki fara da mahaifiyarki da 'yan'uwanki, domin hakkin na dukanku ne, kuma bai kamata ki ɗauki mataki a madadinsu ba tare da saninsu ba. Ku zauna ku rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ku tattara duk takardar da ta rage da sunayen waɗanda suka shaida al'amarin. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya: a fara da magana a keɓe, in bai ji ba a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai wa ikilisiya. Tun da akwai bambancin shekaru da na ƙarfi tsakaninku, ba na so ki je wurinsa ke kaɗai, sai dai wani babba a danginku ya yi maganar farko. Ku nemi ganin fasto da dattawan ikilisiya a zaune, ba a bakin ƙofa bayan sujada ba, ku gaya musu cewa ba ku zo hana kowa tuba ba, kun zo ne ku roƙa a taimaka masa ya cika ta. Ku faɗi abin da kuke nema a sarari, kuma ina ganin wanke sunan mahaifinku ya kamata ya zo gaba da kuɗi, domin shi ne abin da ba ya bukatar jiran ya tara kome. Mai yiwuwa shugabannin ba su san labarin ba sam, saboda haka ku ba su zarafin ji kafin ku yanke musu hukunci.

Idan ya musanta, ko dattawan suka ƙi sauraro, ƙofar hukuma ba a rufe take ba. Gaskiya ne Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a 1 Korintiyawa 6 saboda kai juna ƙara a gaban marasa bi, shi ya sa na ce a fara daga cikin ikilisiya. Amma shi ne kuma ya kira mai mulki bawan Allah mai hukunta mai aikata mugunta a Romawa 13:4, kuma da nasa hakkin ya shiga haɗari ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Sauya takardu laifi ne a gaban doka, saboda haka ku tuntuɓi lauya tun da wuri, domin a ƙasashe da yawa doka ta ƙayyade lokacin da za a iya shigar da irin wannan ƙara. Kafin duk wannan ya kankama, ki sauya wurin zamanki a coci zuwa inda ba za ki riƙa ganinsa ba, kuma idan hakan bai isa ba, babu laifi ki yi sujada a wata ikilisiya na ɗan lokaci, muddin kin sanar da fastonku dalilin tafiyarki.